Abin da Aka Gano a Ƙofar Gidanmu: Binciken Lafiya da Amanar Dukiyar Zakka

Jawabin da aka gabatar a taron shekara na Gidauniya, a garin Gubuchi

  



An nemi in yi magana a kan yadda ya kamata Gidauniya ta kashe kason da take warewa don lafiyar mabuƙata. Ni ma'aikacin asibiti ne, ba malamin fiƙihu ba, don haka duk inda maganata ta taɓo hukuncin zakka, malamai ke da gyara. Cututtukan da ke damunmu kuwa suna da yawa, wanda ya ce zai ɗebo su duka a zama ɗaya ba zai riƙe ko guda ba. Zan tsaya a kan ɗaya: zubar jini bayan haihuwa.

Shekarun baya, wata damina, ina aikin dare a wani asibiti na wannan yanki, aka shigo da wata baiwar Allah a bayan a-kori-kura dab da kiran assalatu. Haihuwarta ta shida ke nan. Ta sauka lafiya a ɗakinta bayan sallar isha'i, jaririn na hannun surukarta a naɗe cikin zane, yana ta tsala kuka. Jini ya ɓalle tun lokacin da mabiyiya ta faɗo. Matan gidan suka ce jinin biƙi ne, gara ya fita. Da suka ga abin ya wuce misali, maigidan ba ya gari, sai aka aika a nemo ƙanensa ya ba da izini. Da izini ya samu sai aka shiga neman mota, da mota ta samu sai aka shiga neman kuɗin mai. Ba mu gama neman jijiyar da za mu sa mata ruwa ba rai ya yi halinsa. Allah ya jiƙanta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan imaninmu ne. Amma an umurce mu da riƙon sababi, kuma a daren nan na san akwai wasu ƙwayoyi guda uku da kuɗinsu bai kai na man motar da ta kawo ta ba, waɗanda da ta haɗiye su a ɗakinta da saukar jaririn, da wataƙila labarin ya sha bamban.

Ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 ne suka rasu a Najeriya sanadiyyar ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk irin wannan rashi a faɗin duniya. Zubar jini na sahun gaba cikin dalilan.

Bari in bayyana yadda abin yake aukuwa, domin maza da yawa a nan ba su taɓa jin bayaninsa ba, kunya ta hana. Idan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, takan bar jijiyoyin jini a buɗe. Hikimar Ubangiji ita ce mahaifar ta dunƙule nan take, ta matse jijiyoyin kamar yadda ake matse bakin salka. Idan ta gaji ta kasa dunƙulewa, jini zai yi ta kwarara, kuma mace mai cikakkiyar lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, kamar yadda matanmu da yawa suke, ba ta ma kai haka. Maganin da ya fi kowanne shi ne allurar oksitosin, sai dai tana da sharuɗɗa biyu masu wuya a ƙauye: dole a ajiye ta a firji, dole kuma a sami ƙwararren da zai yi ta. Akwai kuma wata ƙwaya, misofurostol, wadda asalinta maganin gyambon ciki ce, daga baya aka lura tana sa mahaifa ta dunƙule. Ba ta buƙatar firji, ba ta buƙatar sirinji. A 2006 aka buga sakamakon wani gwaji da aka yi a ƙauyukan Indiya da mata 1,620: cikin waɗanda ba su sha ta ba, 12 cikin 100 suka yi zubar jini mai yawa, cikin waɗanda suka sha, kusan 6 ne. A wannan shekarar ce kuma hukumar NAFDAC ta yi mata rajista a Najeriya don wannan aiki.

Rajista ta samu, magani ya shigo ƙasa, amma yana birni, a asibiti da manyan kemis, matan da ke mutuwa kuwa suna ɗakunansu a ƙauye. A nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu.

A 2009, wasu malaman Jami'ar Ahmadu Bello da na asibitin koyarwarta, cikinsu har da Dakta Clara Ejembi, tare da abokan aikinsu daga Kalifoniya ta Amurka, suka shiga garuruwa biyar na kewayen Zariya, irin su Tsibiri da Yakawada da Dakace. Tambayarsu ɗaya ce: za a iya danƙa wannan magani a hannun mutanen gari, ya kai ga mai haihuwa a gida, ta kuma sha shi daidai? Ba da magani suka fara ba. Sun fara da zama da masu gari da limamai da magidanta da tsofaffin mata. Mutanen kowane gari ne suka zaɓi amintattunsu da za su riƙe maganin, aka horar da su. Aka horar da ungozomomin gargajiya su riƙa bin masu juna biyu suna yi musu bayani, suna kwaɗaitar da su haihuwa a asibiti, idan kuma hakan bai yiwu ba, ga abin da za a yi. Aka rubuta saƙon a jikin hijabai don mata, a jikin butocin alwala don maza. Da aka zo batun yadda mace za ta gane jinin ya wuce kima, ba a ce mata rabin lita ba, domin ba ta auna komai da lita. Moɗar da take ɗibar ruwa a randa aka nuna mata: jinin da ya kai cikin moɗa ya zama abin tashi a nemi asibiti.

Daga Janairu zuwa Disamba na wannan shekara mata 1,875 suka shiga shirin. Cikin waɗanda aka koma aka tattauna da su bayan sun sauka, 95 cikin 100 a gida suka haihu. Amma 83 cikin 100 na masu haihuwar gidan sun sami kariyar wannan magani, kariyar da a da babu hanyar da za ta iso gare su.

Amana ta wajabta in faɗi abin da binciken bai ce ba. Bai ce haihuwa a gida ta zama daidai da ta asibiti ba. Ƙwayar ba ta maganin jijjiga, ba ta maganin doguwar naƙuda, ba ta ɗinke yagewa, kuma ko a kan zubar jinin ragewa take yi, ba ta kawar da shi gaba ɗaya. Abin da ya tabbatar ya fi wannan sauƙi, ya kuma fi shafar mutanen da ke zaune a gabana: talakawan ƙauye, idan an zauna da su an yi musu bayani da harshensu, suna iya riƙon amanar magani su isar da shi inda ma'aikaci bai kai ba.

Hukumomi sun ji. Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince a riƙa amfani da maganin a matakin al'umma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magungunanta don wannan aiki a 2011, a 2020 kuma ta yarda a riƙa ba mai ciki shi tun kafin naƙuda, a wuraren da ake haihuwa babu ƙwararre, bisa sa ido. A 2013 gwamnatin Jihar Sakkwato ta sa kuɗinta ta saye shi tare da man kulohezidin da ake shafa wa cibiyar jariri, ta raba ta hannun masu ajiyar magani a unguwanni, irin tsarin da aka gwada a ƙasar Zazzau. Mutanen Sakkwato sun zo sun ɗebi wuta a murhunmu.

Yanzu ina tambayar kowane shugaban kwamitin masallaci da ke nan: a unguwarka, idan matar maƙwabcinka ta haihu yau da tsakar dare, ƙofar wa za a ƙwanƙwasa a karɓo ƙwayoyin nan uku? Na ga ana kallon juna. Shekara goma sha biyar da ɗoriya ke nan da yin binciken, kuma wanda ya bar Gubuchi da hantsi zai yi azahar a garuruwan da aka yi shi. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Me ya tsare shi a hanya? Dalili na farko sananne ne: shiri irin wannan da kuɗin masu tallafi yake tafiya, ranar da wa'adinsa ya cika, motocin su daina zuwa, mai ajiyar magani ya buɗe akwatinsa ya ga wayam. Takardar manufa ana sa mata hannu a Abuja ko Kaduna, amma takarda ba ta sayen ƙwaya, sai an sa a kasafi, an saki kuɗin, an sayo, an kai Maƙarfi, an kai mazaɓa. A kowane mataki akwai inda abin kan maƙale.

Dalili na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan kewaye shi a gaban malamai ba. Wannan ƙwaya, idan aka sha ta da ƙaramin ciki, tana iya zubar da shi; idan aka sha ta ana cikin naƙuda don wai a gaggauta haihuwa, tana iya fasa mahaifa ta halaka uwa da ɗa. Duk wanda ya ji tsoron yaɗuwarta yana da hujja. Mutanenmu kuma suna da dalilin ɗari-ɗari da duk abin da aka kira bincike, domin ba a manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba. Sai dai ku lura da halin da muke ciki yau. Maganin yana nan a kantunan magani, mai mugun nufi ya san sunansa ya san inda zai same shi. Wadda ba ta san shi ba ita ce matar aure mai haihuwa ta shida a ƙauye. Shirun da muka yi ita kaɗai ya cutar. Hanyar tsare shi ita ce wadda aka bi a Tsibiri: amintaccen da gari ya zaɓa, horo daga ma'aikatan lafiya, littafin shiga da fita, da ƙa'ida ɗaya da kowace tsohuwa za ta haddace, cewa ba a sha sai jariri ya fito an kuma tabbatar babu na biyu a ciki.

Akwai dalili na uku, wanda ya shafi masu sayen magani da kuɗin sadaka kai tsaye. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC, aka buga a 2018, ya tattaro samfuran magungunan haihuwa daga sassan ƙasar nan ya auna ƙarfinsu. Kusan uku cikin huɗu na allurar oksitosin ba su cika ma'auni ba, haka ma kusan ɗaya cikin uku na misofurostol. Zafi kan kashe allurar, laima kan lalata ƙwayar idan maƙunshinta ba mai kyau ba ne. Ke nan mutum na iya fitar da dukiyarsa da kyakkyawar niyya, a je kasuwa a ciko kwali, a yi hoto, a raba, alhali ruwa da alli aka raba. Ladan niyya yana wurin Allah, amma jinin ba zai tsaya ba.

Ilimin bai tsaya a 2009 ba. A 2017 wani babban gwaji da mata 20,000 a ƙasashe 21, har da Najeriya, ya nuna cewa allurar taranezamik tana rage mutuwa daga zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku, da sharaɗin a yi ta cikin awa uku da haihuwa. Ku riƙe wannan awa ukun, za mu dawo kanta. A 2023 kuma aka buga sakamakon gwajin da ake kira E-MOTIVE, wanda aka yi da mata fiye da 200,000 a asibitocin Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, ita ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Abin da suka gwada zai ba ku mamaki don sauƙinsa: wata leda ce mai aljihu da layukan awo, ana shimfiɗa ta ƙarƙashin mai haihuwa, jini ya taru a ciki. Da ya kai layi, sai a haɗa duk matakan ceto a lokaci guda, maimakon a gwada wannan a jira, a gwada wancan a jira. A asibitocin da aka ci gaba da ƙiyasi da ido, kusan rabin masu zubar jinin ba a gane su ba. Inda aka sa ledar, an gano fiye da 9 cikin 10, mummunan sakamako kuma ya ragu da kashi 60 cikin 100.

Da na karanta wannan sai na tuna da ku. Babu manomin da ke cikin wannan taro da zai tsaya a bakin rumbu ya kalli masararsa ya ce, a ganina ta kai nisabi. Aunawa ake yi, wusƙi biyar, sa'i 300. Shari'a ba ta bar haƙƙin miskini a hannun ƙiyasin ido ba, ga shi likitoci da digirorinsu sun gano cewa idonsu ma yana yaudararsu. Moɗar Tsibiri da ledar Kano darasi ɗaya suke koyarwa, kuma masu zakka sun riga kowa saninsa.

To, idan da awo muke karɓar dukiyar nan, don me za mu kashe ta da ƙiyasi? Ku gafarce ni, zan taɓa inda yake mana daɗi. Mun fi son aikin da ido ke gani: ginin da za a rubuta suna a goshinsa, ko ranar duba marasa lafiya kyauta, a kafa rumfa, a kira 'yan jarida, a raba maganin ciwon jiki, la'asar ta yi kowa ya watse. Ban ce babu alheri a ciki ba. Amma kafin a sa hannu a kan kowace takardar kashe kuɗin lafiya, ina roƙon amintattu su riƙa yin tambayar da malaman hadisi suka koya mana yi wa kowane labari: daga wa aka ji, wa ya tabbatar? Wa ya gwada wannan aiki, a ina, me ya samu? Masu amsa ba su yi mana nisa ba. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris a Maƙarfi, ga sashen lafiyar al'umma na asibitin koyarwa a Shika, ga jami'an lafiya na ƙananan hukumominmu uku. A gayyato ɗaya ko biyu daga cikinsu su zauna a kwamitin lafiya na Gidauniya, da izinin su ce a'a.

Game da rabon aiki tsakanin zakka da wakafi, fahimtata ita ce zakka haƙƙin mutanen da Alƙur'ani ya ambata ce, a hannunsu ake danƙa ta. Mai ciki matalauciya tana cikinsu, kuma kuɗin awon ciki da maganin ƙarin jini da guzurin ranar haihuwa buƙatarta ce kamar hatsi. Wakafi kuwa ya fi faɗi, tun daga gonar Sayyidina Umar ta Haibara da rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya wa mutanen Madina: a tsare asali, amfani ya yi ta gudana. Wannan shi ne ainihin abin da shirye-shiryen masu tallafi suka rasa, wato ɗorewa. Kadada ɗaya ta rake a fadamar Kudan, ko shago ɗaya a kasuwar Maƙarfi, idan aka tsayar da amfaninsa a kan ɗakin haihuwa na asibitin mazaɓa guda, zai riƙa sayen ledar awo da ingantaccen magani kowace shekara, ya kuma gyara firji mai aiki da hasken rana duk ranar da ya lalace. Sharaɗi dai kada Gidauniya ta sayi ƙwaya ko ɗaya a kasuwa, kada kuma ta raba da kanta. A bi ta hukumar lafiya a matakin farko da ma'ajiyar magunguna ta jiha, su kawo horo da sa ido, mu kawo amintattun mutane da kuɗin da ba ya yankewa.

Na ce za mu dawo kan awa uku. Matar da na ba ku labarinta ba a hanya ta ɓata darenta ba, a tsakar gida ta ɓata shi, ana jiran izini, ana jiran mota, ana jiran kuɗi. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar likita, aikin kwamitin masallaci ne. Liman ya faɗa a kan mumbari cewa duk magidancin da matarsa ta shiga wata na bakwai ya bar izini a bayyane, gaban shaidu, cewa ko ba ya nan a kai ta asibiti. Kwamiti ya san direbobi biyu a unguwa da suka yi alkawarin tashi ko ƙarfe nawa ne. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta NURTW ta daɗe tana irin wannan aikin sa kai. Ma'aji ya riƙe kuɗin mai a gida, ba a banki ba, domin banki ba ya buɗewa da ƙarfe biyun dare. Matasan da ke cika sahu a sallar asuba a kai su a gwada rukunin jininsu a rubuta, saboda sau da yawa mace takan isa babban asibitin Ikara ko na Maƙarfi ko Hunkuyi da ranta, sannan a shiga neman wanda zai ba da jini. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ƙarshe da nake roƙo shi ne littafi. Littafin rubutu na ɗalibai ya isa. Kowane masallacin Juma'a ya sa wata amintacciyar mace mai karatu, malamar Islamiyya ko ungozoma, ta riƙa rubuta haihuwar da aka yi a unguwa: a ina aka haihu, an sha maganin ko ba a sha ba, an kai asibiti ko ba a kai ba, uwa ta tashi ko ba ta tashi ba. Ba a buƙatar suna, lamba ta wadatar, don a tsare sirrin gidaje. Limamai ne ke raɗa suna, su ne kuma ke sallar jana'iza, babu hukumar da ta fi su sanin wanda ya zo da wanda ya tafi. Rubutawa ce kawai ba a yi.

Shawarata a fara da mazaɓar Gubuchi kaɗai a wannan shekara, kada a yi faɗin da zai gagari kulawa. Baɗi war haka, in Allah ya kai mu, a kawo littattafan nan gaban wannan taro a karanta su kusa da lissafin kuɗi. Idan sun nuna aikin bai yi amfani ba, ni ne zan fara miƙewa in ce a canja hanya. Idan sun nuna ya yi, sai mutanen Ikara da Kudan su ɗauka, mu kuma kai kwafi sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar lafiya a Kaduna.

Allah ya karɓi zakkarku da wakafinku, ya sauki matanmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.